Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya da Kwamitin Lafiya na Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kan masu ciwon hanta da gwajin gano sankara da wuri

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar jama'a, na rubuto ne a madadin wasu 'yan jihar nan da ba a cika jin muryarsu ba. Su ne mutanen da gwaji ya nuna suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B ko nau'in C, da iyalan waɗanda sankarar hanta ta riga ta raba da duniya. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Sakkwato, kuma abin ya same ni ta fuska biyu: ina ɗauke da nau'in B, yayana da muke ciki ɗaya kuma sankarar hanta ce ajalinsa. Muna da ɗan zama da muke yi tsakaninmu, mu tambayi lafiyar juna, mu nuna wa juna takardun gwaji. Cikinmu akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan kabu-kabu da matan aure. Su suka ce in rubuta, kuma sai da na karanta musu suka amince kafin na fitar.

Kowace shekara idan 28 ga watan Yuli ta zagayo, wato Ranar Ciwon Hanta ta Duniya, akan yi jawabai, a kafa rumfuna, a ɗiga jinin mutane a kan ɗan tsinken gwaji kyauta. Aiki ne na alheri, Allah ya saka wa masu yin sa. Damuwarmu ita ce mutumin da layi biyu ya fito masa, wato gwajin ya nuna yana da ƙwayar cutar. Washegari an kwashe rumfuna, shi kuma an bar shi da 'yar takarda da fargaba, ba wanda ya ce masa ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sanin cewa mutum yana da ƙwayar cutar mafarin aiki ne. Ainihin aikin shi ne a riƙa bibiyar hantarsa da gwajin jini da hoton ciki a kai a kai, domin idan daji zai tsiro a cafke shi yana ƙarami. Wannan bibiyar ce muka rasa, ita muka zo nema.

Yawan mutanen da abin ya shafa ya wuce a kau da kai. Binciken ƙasa na 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda aka haɗa da gwajin ciwon hanta, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato a sahun sallah mai mutum 12 ko 13 ana iya samun ɗaya, kuma galibi bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da nau'in B a duniya, miliyan 50 da nau'in C, kuma a shekarar ta 2022 kaɗai ciwon hanta ya kashe kimanin miliyan 1.3, akasari ta hanyar ƙeƙashewar hanta ko sankara.

Kokenmu na farko shi ne a gwada mutum a sake shi. Ni a wurin ba da jini na san nawa. Matar ƙanena ce ta haihu ta zubar da jini da yawa, aka ce a nemo mai bayarwa, na je na miƙa hannu. Aka ɗebi kaɗan aka shiga da shi ciki. Jim kaɗan ma'aikacin ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, naka bai yi ba, a nemo wani." Ya miƙo min takarda an rubuta HBsAg, wato gwajin nau'in B, an zagaye da jan biro. Na ce masa me ke nan? Ya ce ciwon shawara ne, in rage maiƙo in yawaita shan ruwa, ya kira na bayana. Ban ga laifinsa ba. Aikinsa shi ne ya tabbatar jinin da za a ƙara wa mai jego mai tsabta ne, ya kuwa yi. Ba a ba shi wurin da zai tura irina ba. A zamanmu kusan kowa irin labarinsa ke nan: wani wurin ba da jini, wata wurin awon ciki, wani wurin gwajin aure, wani wurin neman aikin ɗamara.

Abin da ya kamata ya biyo bayan wannan takarda sananne ne, kuma ba duka ke da tsada ba. A auna sinadaran hanta guda biyu, ALT da AST, a ƙirga ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. Daga AST da wannan ƙirge ake fitar da lissafin da ake kira APRI, wanda ke nuna ko hanta ta fara tauri, kuma ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ana iya yin sa da biro da takarda. A ƙa'idojin da ta fitar a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban da APRI ɗinsa ya haura 0.5 a fara ba shi magani, haka ma wanda aka taɓa samun sankarar hanta a danginsa na jini. Sannan a ce wa mutum ya kawo matarsa da 'ya'yansa da 'yan ɗakinsu a gwada su, domin a ƙasashenmu an fi ɗaukar nau'in B wurin haihuwa ko a ƙuruciya, shi ya sa yake bin ɗaki guda. Da an faɗa min haka ran nan ta taga, da an gano yayana tun yana tafiya da ƙafarsa.

Koke na biyu shi ne wanda ya fi ci mana rai, ku yi haƙuri in daɗe a kansa. Akwai gwajin jini da ake kira AFP. Wani sinadari ne da hantar jariri ke fitarwa tun yana cikin mahaifa. Bayan haihuwa yakan sauka, har a jinin babba lafiyayye da wuya ya wuce 10 a ma'aunin da ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Idan ƙwayoyin hanta suka rikiɗe suka zama daji, da yawansu sukan koma fitar da shi, sai ya riƙa hawa a jini. A 1963 wani masani ɗan Rasha, Garri Abelev, ya gano haka a jikin ɓeraye, shekara guda bayan nan aka tabbatar da shi a jinin mutane. Ilimi ne da ya haura shekara 60. Amfaninsa na gaskiya shi ne a yi wa wanda yake jin kansa garau, a maimaita duk wata 6 tare da hoton ciki. Mu kuwa a abin da muka gani da idonmu, ba a rubuta shi sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, mutum ya rame ya zama ƙashi da rai. A lokacin nan ba abin da gwajin zai ƙara sai tabbatar da abin da likita ya riga ya ji da tafin hannunsa.

Yayana ɗan kasuwar albasa ne, bai cika shekara 45 ba. Da ya fara jin nauyi a gefen cikinsa na dama, a kemis aka ce olsa ce. Da zazzaɓi ya shigo aka ce taifot. Da ciki ya fara tashi aka ce jifa ne, aka kai shi aka yi masa tsaga. Ranar da muka kwantar da shi na ɗaga rigarsa zan shafa masa ruwa, na ga sawun aska jere a ƙarƙashin haƙarƙari, an cusa baƙin magani ya bushe a kai, fatar cikin tana ƙyalli don tsabar kumburi. A ranar aka fara yi masa gwajin nau'in B a rayuwarsa, a ranar aka yi AFP. Sakamakon ya fito cikin dubbai. Likita ya ja ni baranda ya ce, "Malam, abin ya mamaye hantar. Za mu ba shi maganin rage zafi, ku koma gida ku yi ta addu'a." Da na yi wa Inna bayani, abin da ta fara tambaya shi ne, "Ashe akwai awon da ke nuna shi tun bai taso ba?" Na ce akwai. Ta ce, "To don me ba a yi mai ba?" Wannan tambaya tata ce na kawo gabanku. Mun yarda da ƙaddara, ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma wanda ba a sanar da shi cutarsa ba ta ina zai nema?

Hanta ba ta saurin kuka. Daji yana cin ta ne yadda gara ke cin azara, daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto. Nau'in B kuma yana da wani mugun hali: yana cusa kansa cikin ƙwayoyin halittar hanta, don haka yana iya haifar da sankara ko da hantar ba ta kai ga ƙeƙashewa ba. Ƙullutun sankarar yakan ninka girmansa cikin 'yan watanni, daga nan aka samo ƙa'idar wata 6. Idan aka same shi bai wuce santimita 2 ko 3 ba, ana iya yanke shi ta tiyata ko a ƙone shi da wata allura mai zafi, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an yi bincike kan mutum 18,816 masu nau'in B ko daɗaɗɗen ciwon hanta, aka raba su biyu, kashi ɗaya ana kiransu gwajin AFP da hoton ciki duk wata 6. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mace-macen sankarar hanta sun ragu da kashi 37 cikin 100 a cikin waɗanda ake bibiya, duk da cewa ba kowa ke zuwa a kan kari ba. A namu ɓangaren kuwa, wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya, ya nuna cewa a wajen Masar rabin majinyatan ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano cutar, kuma tsaka-tsakin shekarunsu 46 ne. Magidanta ne masu ƙananan yara. Saboda haka ne ma ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta ce 'yan asalin Afirka masu nau'in B ana iya fara sa musu ido tun suna shekara ashirin da wani abu.

Koke na uku ya shafi karatun sakamako. Ba mu zo mu ce AFP maganin komai ba ne, mun san yana ruɗi ta hagu da dama. Yana hawa idan mace tana da juna biyu, yana hawa idan ƙwayar cutar ta motsa hanta ta kumbura, ba tare da wani daji ba. Wata baiwar Allah a cikinmu an yi mata shi a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa tana da ciki, aka miƙa mata takarda ba bayani. Wani ya duba a waya ya ce mata sankara ce. Ta daina barci, ta fara yi wa mijinta wasiyya a kan yara, sai da aka samu likita ya tambaye ta watannin cikinta sannan hankalin gidan ya kwanta. Ɗaya gefen ya fi haɗari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sankarar hanta AFP ɗinsu ba ya tashi, musamman idan ƙullutun ƙarami ne. Wanda aka ce masa "sakamakonka lafiya" ba a haɗa masa da hoto ba, sai ya ɗauka an sallame shi har abada. Hoton ma shi kaɗai bai wadatar ba. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hoton ciki kaɗai yana kama kashi 45 cikin 100 na sankarar da ke matakin farko, idan aka haɗa da AFP ya kai 63. Ga kuma abin da likitoci suka koya mana: hawan lambar daga wannan gwaji zuwa wancan ya fi lamba guda magana. Wanda nasa ya tashi daga 6 zuwa 14 zuwa 30 ya cancanci a bincike shi da gaggawa. To wa zai lura da hawan, alhali kowane gwaji a wuri daban aka yi shi, takardun kuma suna cikin leda a ƙarƙashin katifa?

Akwai wasu alamomin jini da aka ƙaro don toshe wannan giɓi. Ɗaya shi ne PIVKA-II, wani gurɓataccen nau'i na sinadarin daskarar da jini da hanta ke sarrafawa, wanda aka danganta da sankarar hanta tun 1984. Yakan tashi a wasu majinyatan da AFP ɗinsu ya yi shiru, ko da yake ƙarancin bitamin K da maganin tsinka jini na warfarin su ma suna ɗaga shi. Ɗayan shi ne AFP-L3, wani reshe na AFP da ya fi alaƙa da daji. A Japan ana amfani da ukun tare, inshorar lafiyar ƙasar tana biya, kuma suna cikin ƙasashen da suka fi kama wannan cuta da wuri. Akwai ma lissafin GALAD da ke haɗa ukun da shekarun mutum da jinsinsa. Na ambace su ne don kada wani ɗan kwangila ya zo muku da su a matsayin mafita ta farko. A ganinmu kuskure ne a zuba kuɗi a na'ura mai tsada guda ɗaya a birni alhali mutumin Gudu bai samu AFP da hoto ba. A fara da mai araha ya game jiha, sannan a ajiye mai tsadar a cibiya ɗaya don waɗanda sakamakonsu ya rikitar.

Sai maganar kuɗi da nisa. Bibiyar nan ta tsawon rai ce, sau biyu a shekara, kuma a aljihun majinyaci take. Ɗan kabu-kabun da ke cikinmu ya ce idan ya haɗa kuɗin gwaji da hoto da magani, sai ya zaɓa tsakanin su da cefanen gida, kuma tunda ba ya jin ciwon komai, cefane ke cin nasara. Wanda ke Isa ko Sabon Birni ko Kebbe ko Tangaza, ban da kuɗin mota da kwanan birni, akwai fargabar hanya da kowa ya sani. Mutum ba zai saka ransa a haɗari don gwajin cutar da ba ta taɓa kwantar da shi ba.

Maganin ma haka. Tenofovir ƙwaya ɗaya ce a rana, tana danne nau'in B, tana rage haɗarin ƙeƙashewar hanta da sankara ƙwarai, ko da yake ba ta kawar da shi baki ɗaya, shi ya sa mai shan ta ma ba ya barin bibiya. Wannan ƙwaya tana cikin haɗin da ake bai wa masu ƙanjamau kyauta, kuma muna murna da samun da suke yi. Mai nau'in B kaɗai kuwa saye yake yi, ranar da kuɗi ya yanke ya ajiye, alhali yankewar farat ɗaya tana iya tayar da cutar ta fi da muni. Nau'in C ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyi na mako 12, sama da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Masar ta nuna abin da niyya ke yi: daga Oktoban 2018, cikin wata 7, ta gwada kusan mutum miliyan 50, ta bi waɗanda aka samu da magani. Sai dai wanda hantarsa ta riga ta yi tauri, ko ya warke daga nau'in C, yana nan a layin AFP da hoto.

Inda hukuma ta bar fili, wasu sun shige. Mota da lasifika a bakin kasuwa, talla a rediyo, ana cewa jarka ɗaya za ta wanke ciwon hanta tas cikin makonni. Mutanenmu suna saye don ba wanda ya ba su abin da ya fi. Wasu jiƙe-jiƙen su kansu suna ƙara wa hanta rauni, kuma wanda ya yarda an wanke shi ba zai sake zuwa gwaji ba. Ga kuma tsangwama: an fasa aure, an ware wa mutum kwano da moɗa, alhali cutar ba ta bin cin abinci tare ko musabaha, kuma allurar rigakafi sau uku tana kare abokin zama.

Ba zan tsawaita kan rigakafi ba, kun fi ni saninsa. Jaririn da ya ɗauki nau'in B wurin haihuwa, kusan 9 cikin 10 suna zama da shi har abada, babba kuwa bai kai 1 cikin 20 ba. Allurar cikin awa 24 na farko ita ke yanke wannan hanya, kuma tana cikin jadawalin rigakafin Najeriya tun 2004. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, ta kuma ga sankarar hanta ta ragu a cikin yaranta. Matsalarmu ita ce mafi yawan haihuwa a karkara a gida ake yin ta, kafin a fito da jariri an yi suna. Sai aska ɗaya da ke zagaya kawuna wurin aski da kaciya da ƙaho, da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, waɗanda gubarsu ta afalatoksin idan ta haɗu da nau'in B take ninka haɗarin sankara.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A kafa doka a duk asibitin jiha da ɗakin gwaji mai zaman kansa cewa ba a sallamar wanda gwaji ya nuna yana da nau'in B ko C sai an ba shi takardar turawa mai ɗauke da sunan asibiti da rana, an kuma gayyaci iyalinsa. A ware rana ɗaya a mako ta masu ciwon hanta a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da aƙalla babban asibiti ɗaya a kowace shiyyar sanata. A ba kowa kati guda da za a riƙa rubuta ALT da APRI da AFP da sakamakon hoto a jere, kwanan wata bayan kwanan wata, yadda ko wane ma'aikaci ya buɗe zai ga inda lamba ta dosa. A riƙa tuna wa mutane da saƙon waya idan wata 6 ya cika, da Hausa da Fulatanci.

A saka gwajin AFP da hoton ciki sau biyu a shekara, da tenofovir, cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ke biya wa masu wannan cuta. Waɗanda ba su da halin shiga tsarin, a zauna da Hukumar Zakka da Waƙafi a duba yadda za a ɗauke musu. Idan kuɗi bai isa kowa a tashin farko ba, a fara da waɗanda suka fi kusa da haɗari: masu taurin hanta, da waɗanda aka yi sankarar hanta a gidansu, da maza magidanta. Jiha ta sayi magani da kayan gwaji a dunƙule don farashi ya sauko.

Jini ya yi tafiya a madadin mutum. Yaƙi da shan-inna da tarin fuka ya bar mana akwatunan sanyi da ma'aikatan da suka san kowane ƙauye da ruga. A ɗebi jini a cibiyar lafiya ta kusa, a kai birni, sakamako ya dawo ta waya. Na'urorin GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da su suna iya auna yawan ƙwayar nau'in B da C idan aka sayo musu kayan aikin da ya dace, a yi amfani da su. A horar da masu ɗaukar hoton ciki kan duba hanta musamman, domin wanda ya saba da duba juna biyu kaɗai ƙaramin ƙullutu yana iya wuce shi.

A ƙulla yarjejeniya a rubuce da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yadda duk wanda AFP ɗinsa ya haura 20 ko yake ta hawa, ko aka ga ƙullutu a hotonsa, zai samu ganin likitan hanta da hoton CT ko MRI cikin makonni kaɗan. Gano cuta da wuri ba shi da amfani idan mutum zai ƙare watanninsa a layi. A nan ne ya dace a ajiye gwajin PIVKA-II, a kuma tallafa wa malaman jami'ar su auna ingancin waɗannan alamomi a jinin mutanenmu, tunda mafi yawan ma'aunan da ake bi a Asiya da Turai aka tsara su. Waɗanda cutar ta riga ta yi nisa a jikinsu kuma a wadata su da maganin rage zafi mai ƙarfi, kada a mayar da su gida hannu rabbana.

A gwada kowace mai ciki wurin awo, wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta a ba ta tenofovir kafin haihuwa. A haɗa ungozomomi da ma'aikatan rigakafi yadda labarin haihuwar gida zai isa cibiya a ranar, a bi jariri da allura har ɗaki. A nemi albarkar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da hakimai da limaman Juma'a, kamar yadda aka yi a kan shan-inna, a kuma zauna da sarakunan aska cikin mutunci a kan reza ɗaya mutum ɗaya. Masu tallar wanke ciwon hanta a rediyo da kasuwanni a taka musu birki.

Ga 'yan Majalisa musamman: muna roƙon a ba ciwon hanta layinsa na kansa a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kada a cusa shi cikin wani babi inda zai ɓace. Kafin nan a kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyaci likitocin hanta da ma'aikatan ɗakin gwaji da mu da abin ya shafa, za mu zo da katunanmu da rasit ɗinmu. Kuma a wajabta wa Ma'aikatar Lafiya ta riƙa bayyana wa jama'a duk shekara mutum nawa aka gwada, nawa aka samu da cutar, nawa suka dawo bibiyar wata 6, nawa aka kama sankararsu tana matakin da ake iya yi mata aiki.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta a Sakkwato, a madadin masu ɗauke da ciwon hanta da iyalan waɗanda suka rasu.